Sanarwar da Mushe Ya'u Ya Aika Rabat

Mushe Ya'u ya ji sanarwar a rediyo yana gyaran igiyar rijiya a gidansa na Gesheme: wata jami'a ta ƙasar nan na neman malamai uku na ilimin kwamfuta. Ya saki igiyar, ya ƙara murya, amma har an wuce zuwa sanarwar rasuwa.

Shekara talatin ya yi yana koyar da yara a lakwal, makarantar boko, kafin ya yi ritaya, shi ya sa har yau ake ce masa Mushe, wato malam. 'Yarsa Nazifa ita ce ta yi nisa a karatu. Shekararta takwas a Rabat, can ta gama digirin dokta, can take koyarwa. Ɗanta Bilal, a waya kawai ya san shi.

Washegari ya shiga motar Dogon Dutsi. A shagon intanet na Luƙman aka nemo masa sanarwar, aka buga a takarda. Ya karanta sharuɗɗan da yatsa, layi bayan layi.

"Duk tana da su," ya ce wa Luƙman. "Ɗauki hoton takardag ga ka aika mata."

Da la'asar ta kira.

"Baba, na gani. Ka san ba a shiga haka nan. Sai an kai dosiye na takardun shaida, a yi tantancewa, kuma masu nema na da yawa."

"Na sani, ɗiyata. Ni dai ki gwada."

Yana jin ƙarar motocin wani gari a bayanta.

"Kina son zama can Rabat ɗin?"

"Aikin nike so, Baba. Amma ran nan Bilal ya tambaye ni mine ne fura, na rasa abin ce mai."

Ta aika dosiyen. Bayan wata biyu aka kira ta ganawa, ta zo ita kaɗai, hutun kwana biyar. Biyu daga ciki ta yi a Gesheme. Ta zauna kan tabarma ta ci tuwon hatsi da miyar kuka har ta yi gumi, ta bi shi gona ta ga inda ruwa ya cinye kunya. Ba su yi maganar aikin sosai ba. Da ya tambaya, cewa ta yi su goma sha ɗaya ne suka shiga gaban kwamitin, kuma ɗakin da za a koyar ɗin kwamfuta ashirin ne a ciki, rabi ba sa tashi.

"Za ki iya da haka?"

"Zan iya," ta ce, tana duban ƙasa.

A tasha ya riƙe mata jaka har direba ya karɓa. Motar ta tashi, ya tsaya har ta sha kwana.

An ce sakamako sai bayan girbi. Ya sa an yaɓe ɗakin da ke gabas, an sauya masa ƙofa. Maƙwabta da suka tambaya, ya ce musu ɗakin ne ya tsufa.