Rasuwar Innar Safara'u

Safara'u tana cikin tuƙa tuwon da take sayar wa alhazai a unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, ƙaninta Yunus ya bugo waya daga Malumfashi ya ce Inna ta cika.

Inna Kirista ce. Baba ne musulmi, kuma shi ya reni Safara'u bayan sun rabu. Duk da haka kowane hutu wurin Inna take yi, tana jin ta tana karatun littafinsu da Hausa. Labarin ruwan Ɗufana ne kullum yake tsayar da Inna. Sai ta rufe littafin ta ce, "An ce Allah ƙauna ne. To jariran da ke goye a bayan iyayensu fa, me suka yi?" Ta tambayi fasto, ta tambayi matan zumunta, ba amsar da ta kwantar mata da rai, amma ba ta taɓa fashin coci ba.

"Yaya, jiya ma sai da ta sa na karanta mata," in ji Yunus. "Da na zo wurin da aka ce abin ya ɓata wa Allah rai tun kafin ruwan ya sauko, sai ta ce in tsaya. Ta ce wannan ya ishe ta, tunda ba da murna ya yi ba."

Safara'u ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, in ta fita ƙasar don zuwa jana'iza ba dawowa. Ta sauke tukunya ta shiga ɗakin maƙwabciyarta Zinariya, wata tsohuwa 'yar Sakkwato, ta zube tana kuka.

"Hajiya, ina Inna za ta? Matar da ba ta taɓa cin abinci maƙwabci na jin yunwa ba."

Zinariya ta shafa mata kai.

"Ɗiyata, ban sani ba, kuma ba ni yi miki ƙarya. Abin da na sani, rahamarsa ta rinjayi fushinsa, kuma ba ya zaluntar kowa. Bar masa ita."

Kukan bai tsaya ba, amma numfashinta ya daidaita.

Washegari ta roƙi Yunus ya bar wayar a buɗe lokacin jana'iza. Ta zauna a bakin ƙofa tana jin waƙar matan zumunta daga nesa, har ta gane muryar ƙanwar Inna a ciki. Da aka kira Azahar ta kashe wayar ta yi alwala. Zinariya ce ta sallami masu sayen tuwo ranar.