Kwandon da Ya Fi Ƙofa Faɗi

A hawa na uku na wani tsohon bene da ke bayan kasuwa, akwai wata mata da kowa ke kira Mai Kwando, domin shekara talatin da ɗoriya ba ta san wata sana'a ba sai saƙar kwanduna da kyauro. Mijinta kuwa Giwa ake ce masa, kuma wanda ya laƙa masa sunan bai yi ƙarya ba. Da ƙuruciyarsa ɗan dako ne, irin wanda ke saɓa buhu biyu yana tafe yana waƙa. Da girma ya zo, ƙarfin ya tafi ya bar masa jikin, sannan ciwon suga ya shigo ya samu wurin zama.

Ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafa, ya ce ba komai. To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kafin wata ya zagayo, ƙafar ta kumbura ta ƙi takuwa. Ranar Litinin wata ma'aikaciyar jinya ta hau benen, ta kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, ta duba, sannan ta ja Mai Kwando gefe.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba. Yatsu biyu sun yi baƙi, kuma baƙin hawa yake yi. Likitan da ke wannan aiki ranar Alhamis kaɗai yake zuwa. Motar asibiti za ta tsaya a ƙofar gidan nan da ƙarfe goma. In Baba ya shiga motar, ina sa ran yankan ya tsaya a yatsun. In ya rasa ta sai wani mako, kuma wani mako ba zancen yatsu za a yi ba."

"To, ku hau ku ɗauke shi mana, 'yata."

"Gadon ɗaukar marasa lafiya ba ya juyawa a matakalar nan, Mama. Ku sauko mana da shi ƙasa, sauran aikinmu ne."

Gaskiya ta faɗa. Matakalar gidan siririya ce, mai tsananin gangara, da kwana biyu masu matsi, kuma tun daga dokin ƙofar ɗakin take fara zubawa ƙasa, ba ta bar ko wurin ajiye takalmi ba. Tagar ɗakin ƙarafa ne a dase cikin siminti. Da la'asar ɗin ranar, ƙanen Giwa, wani wanzami mai yawan surutu, ya kawo 'yan dako biyu. Goyo ya gagara. Suka sa shi a bargo, ya naɗe a ciki kamar kayan wanki, ƙafar ta bugi bango a taki na uku, ya yi ƙara ɗaya ya sume. Da kyar suka jawo shi ciki. 'Yan dakon suka share gumi suka ce a yi musu afuwa, ba za su bari a ce su suka kashe ubangidansu ba.

Bayan sun watse, Mai Kwando ta zauna tana kallon damman kyauron da ke jingine a kusurwa. Tunani ya kai ta ya kawo ta, har ya tsaya a wuri ɗaya: abin da ba ya ɗaukuwa ai yana januwa. In ta saƙa kwando mai tsawo kamar kwalekwale, mai gindi ninki biyu da zai jure gogar matakala, za a zaunar da shi a ciki da ƙafar a miƙe, a ɗaura igiya, a riƙa zurara shi taki ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗauki sandar kyauro ta fita ta auna matakalar a wurin da ta fi matsi, ta karya sandar daidai nan. Ta dawo ta auna mijinta daga baya zuwa diddige, da kuma faɗin ƙugunsa.

"Mai Kwando," in ji Giwa, "makara kike saƙa mini tun ina numfashi?"

"Rufe bakinka, Maigida. Makarar da za ta ɗauke ka ai ba a shuka kyauronta ba tukuna."

Kwana biyu ta yi ba ta san ɗanɗanon abin da ta sa a baki ba. Ta jiƙa kyauron a bahon wanka har ya yi laushi. Masu kauri ta bar su ɗungurum, ta jera su bibbiyu su zama haƙarƙarin kwandon. Sauran ta tsaga su huɗu da wuƙa, ta kankare gaɓoɓin. Ta take gindin da ƙafa tana zagayawa a sunkuye, tana cusa tsage ɗaya ƙarƙashin wani, tana danna kowane layi da ƙotar wuƙa har ya zauna. Gefen kyauro kaifi gare shi kamar reza. Kafin azahar ɗin Talata yatsunta sun tsattsage, ta naɗe su da tsumma ta ci gaba. Da kyauron ya ƙare, ta warware kwanduna huɗu da ta riga ta gama wa mutane, ta sake jiƙa su. Duk sa'ad da ta ɗago kai don ta miƙe baya, idonta kan ƙafar yake sauka, warin kuma kullum ƙaruwa yake yi, sai ta sake sunkuyawa.

Bakin kwandon ta fi ba wa lokaci. Duk masaƙi ya san baki shi ne ran kwando, domin a nan ake lanƙwaso kowane haƙarƙari a murɗe shi cikin ɗan'uwansa. In baki ya tsinke, sauran sai ya buɗe kamar tafin hannu. Don haka ta yi shi da kauri kamar damtsen mutum, har sai da ta hau kai ta yi tsalle bai motsa ba.

Da hantsin Alhamis wanzamin ya iso da igiya, tare da wani tela da ke zaune a hawa na biyu. Wanzamin ya zagaya kwandon yana taɓa baki.

"Kai, matar Yaya! Da kin sa masa ƙafafu ai da mun huta da kuɗin mota."

"Da an saƙa maka irinsa a baki, da unguwa ta huta," in ji ta. "Kama nan."

Su uku suka mirgina Giwa ciki, suka tallafe ƙafar da matashi. Shi da kansa ya koya musu yadda za a yi da igiyar, domin aikin kaya nasa ne: a ɗaura ta a bayan kwandon, a zagaya ta sau biyu a ƙarfen taga, yadda ƙarfen zai ɗauki nauyin, su kuma su riƙa saki kaɗan kaɗan. Suka ja kwandon a kan daɓe zuwa ƙofa. Hancinsa ya fita, gwiwoyin Giwa suka fita, sai kwandon ya tsaya cak.

"Ku tura," in ji wanzamin.

Suka tura. Kyauro ya yi ƙara a jikin ƙarfe, kwandon bai gusa ba. Mai Kwando ta durƙusa ta duba dama, ta duba hagu. Bakin nan mai kauri da ta ɓata rabin yini a kansa ya fi ƙofar faɗi da kamar yatsa biyu. Ta auna matakala, ta auna miji, amma ƙofar da take ratsawa kullum da kwanduna a kai, ko sau ɗaya bai zo mata ba cewa ita ma abar aunawa ce. Tun da ta shigo ɗakin nan ba ta taɓa saƙa abin da ƙofar ta ƙi ba.

A daidai lokacin aka danna odar mota a ƙasa.

"A fitar da shi, a karkata kwandon ya wuce, sannan a mayar da shi," in ji telan.

"A mayar da shi a ina? A kan iska?" in ji wanzamin. "Kana ganin wurin tsayawa a wajen nan? A fasa ƙofar kawai!"

Telan ya ce, "Ƙarfe ne cikin siminti. Kafin ka samo mai walda an yi la'asar. Mama, in an zuba wa bakin ruwa ba zai lanƙwasu ba?"

"Sai ya sha ruwa rabin yini," in ji ta.

Direban ya ɗaga murya daga titi, ya ce yana da marasa lafiya uku a mota da unguwa biyu a gaba, minti goma zai ƙara, ba ƙari. Giwa ya jingina kai da bayan kwandon, hawaye na gangara cikin furfurar gemunsa.

"Ku mayar da ni," ya ce. "Na ɗauki kayan mutane shekara arba'in, yau ni ne kayan da ya gagara. Ku bar ni, abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa."

Mai Kwando ta miƙe ta ɗauko wuƙarta, ta ɗora ta a kan bakin kwandon ta dama, ta yanke kamar tsawon tafin hannu, ta zagaya hagu ta yi haka. Kwandon ya yi wani irin nishi, haƙarƙarin da aka saki suka fara miƙewa suna buɗewa. Telan ya yi maza ya ɗaure su da igiyar shanya, amma kyauro santsi gare shi, ba kuma abin da zai tare igiyar. Nan take ta sulɓe ta sama.

"Igiya ba ta jin wanda ke zamewa," in ji Mai Kwando. "Sai hannu."

Ta tsallake mijinta ta fita, ta tsaya a kan matakala ƙasa da kwandon, ta ba gangaren baya. Ta kwanta da ƙirji a kan hancin kwandon, ta miƙa hannaye ta saƙala yatsunta cikin haƙarƙarin da ta yanke, dama da hagu, ta jawo su ciki da duk ƙarfin da Allah ya ba ta.

"Matar Yaya, kin haukace? In igiyar nan ta kuɓuce mana, ke da shi sai dai a kwashe ku da tsintsiya!"

"To, kada ta kuɓuce. Tura!"

Kwandon ya goge ƙarfen ya wuce. Nauyin ya sauko mata a ƙirji gaba ɗaya, har ta ga wuta a idonta, sannan igiyar ta ɗame ta karɓi rabi. Ta lalubi taki na gaba da diddige, ta sauka. Gindin kwandon ya biyo ta, ya faɗo da ƙara. Giwa ya cije leɓe, sannan tsohon ɗan dakon da ke cikinsa ya farka.

"Saki kaɗan! Riƙe! Kai wanzami, igiya ce ba gashin kai ba, kada ka fizge ta! Saki!"

A kwana ta farko kwandon ya maƙale, ta tokare kafaɗa da bango ta juya hancinsa. Tsagin kyauro ya shige mata ƙarƙashin farce. Ta ji wani haƙarƙari na zamewa daga ƙaramin yatsanta, ta cafko shi da babban. Jini ya sa riƙon ya yi santsi. Ba ta ƙirga takun ba, ba ta kuma duba baya ba. Abin da take gani kawai shi ne ƙafar nan a naɗe, dab da fuskarta, tana rawa duk sa'ad da kwandon ya faɗi taki.

Suna kwana ta biyu ta ji an tayar da injin motar.

Ta buɗe baki za ta yi kira, numfashi ya ƙi fita. Giwa ne ya yi, da muryar da a da ake jinta daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan: "Direba! Ga kaya nan tafe! Ka tsaya, don girman Allah!"

Saura taki biyar gefen hagu ya fashe. Giwa ya karkato, igiyar ta yi sako-sako, nauyinsa duka ya dawo kanta. Gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta durƙusa a kan siminti, amma ba ta saki ba. A nan ne ta ji hannaye sun ratso ta bayanta: direban ne da ma'aikaciyar jinyar, sun ji ihun sun shigo da gudu. Suka tare shi, suka zamo da shi sauran takun, suka mirgina shi kan gadon da ke jira a bakin ƙofa.

"Mama, saki, ya isa," in ji ma'aikaciyar.

Yatsun suka ƙi buɗewa. Sun ƙage a cikin kyauron kamar da su aka saƙa shi. Sai da direban ya sa wuƙar aljihu ya yanke haƙarƙarin sama da ƙasa, ta shiga motar da guntayen kyauro a dunƙule cikin kowane hannu. Wanzamin ya sauko ya leƙo ta tagar motar yana haki.

Motar ta tashi. Ma'aikaciyar ta ɗaga gefen tsumman ta duba ƙafar, Mai Kwando kuma tana duban fuskarta.

"'Yata, baƙin ya kai ina?"

"Ya ɗan hau, Mama. Amma bai kai idon sawu ba." Ta juya wajen direban. "Bar unguwannin nan tukuna, ka fara kai mu asibiti. Ni zan yi bayani."