Zakaran Vientiane

"Sakar mini hannu, ba gawa kika ɗauko ba," in ji Bualai. Ta kama ƙarfen ƙofar jirgin ƙasan ta ja jikinta sama, gwiwarta ta yi ƙara. 'Yarta Wilai ta biyo ta da kwandon shinkafa mai danƙo a hannu ɗaya, jakar magunguna a ɗayan, tana ba mutanen da suka tare wa hanya haƙuri.

Da suka zauna kusa da taga, Wilai ta ce, "Inna, mu yi magana tun jirgi bai tashi ba. Dubiya za mu, mu gaishe shi mu dawo da jirgin yamma. Likita ya ce zuciyarki ba ta son hayaniya."

"Likitan nan da ko gemu bai yi ba?"

"Ba waƙa, Inna."

"Wa ya ce miki waƙa zan yi? Zuwa zan yi in ga ko ya mutu."

Shekaranjiya Sengdao, 'yar Baba Thongdi, ta bugo waya daga Vientiane tana kuka. Shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifinta, magana ta ɗauke, yanzu kuma ya ƙi abinci. Tun Wilai ba ta yi wayo ba Bualai da Thongdi suke karawa a waƙar ba'a, ita daga Nong Khai, shi daga Vientiane, a ƙasar da ke ƙetaren kogi. A bikin tseren kwale-kwale ko na aure, ya jefa baiti ta rama, jama'a na ihu. Wilai ba ta taɓa son abin ba. A makaranta yara kan bi ta suna rera zagin da uwarta ta yi wa maza. Ta yi karatunta, ta kama aiki a kantin magani, inda ba mai ɗaga murya.

Jirgi ya bar tasha ya hau gada a hankali. An tsayar da motoci sai ya wuce. Kogin Mekong ya cika, ja wur saboda damina. Bualai ba ta ko kalle shi ba, leɓenta ne kawai ke motsi.

A tashar Vientiane jami'in da ke buga hatimi ya duba fasfo, ya ɗago kai.

"Bualai? Ta Nong Khai? Wadda ta ce gashin bakin Thongdi ya fi shi ƙarfin hali?"

"Ƙarya na yi?"

Ya tuntsire da dariya, ya haɗa tafukansa ya sunkuyar da kai. "Babana har ya rasu yana rera wannan. Wuce, Goggo."

Babur mai ƙafa uku ya kai su asibiti. Sengdao ta tarye su a baranda, idanunta sun kumbura.

"Ko ruwa sai mun yi da gaske, Goggo. Sun ce in bai ci ba yau, gobe za su zura masa roba ta hanci. In ya so magana sai kalma ta maƙale, sai ya juya mana baya. Jiya ya watsar da kofi."

Ɗakin na maza ne, gadaje jere, kowa da masu jinyarsa a kan tabarma. Thongdi na can ƙarshe, fuskarsa ga bango. Mutumin da Wilai ta sani da faɗin kafaɗa ya koma kamar kara. Ta je ta durƙusa ta gaishe shi. Bai motsa ba.

Bualai ba ta gaishe shi ba. Ta tsaya a ƙafar gadon, ta miƙa wa Wilai sandarta, ta gyara zani.

"Inna..."

Ina! Murya ta riga ta fita, a dashe amma tana cika ɗaki:

"Zakaran Vientiane, ina cararka?
Gari ya waye, kaji na ta jiranka.
Tsufa ne ya cinye maka baki,
ko jin Bualai ya sa ka shige ɗaki?"

Kowa ya juyo. Wata ma'aikaciyar jinya ta taho da sauri, Sengdao ta riƙe mata hannu. Wani tsoho mai karaya a ƙafa ya fara buga cokali a jikin kwano. Bualai ta ƙara baiti, ta ce wa Thongdi bauna mai lalaci da ta kwanta a taɓo lokacin shuka. Ta ce rabin fuskar da ya karkace ya ma fi ɗayan kyau, ita kuwa zuwa ta yi ta ga ko ya mutu. Wilai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tana kuma kallon gumin da ke tsattsafowa a goshin uwarta, hannunta na cikin jaka a kan kwalbar magani.

Sai kafaɗar Thongdi ta motsa. Ya juyo da ƙyar. Idonsa ɗaya ya kafe Bualai, bakinsa na rawa. Wani gurnani ya fito, ya tsaya. Bualai ba ta taimake shi ba. Ta ci gaba da tafi a hankali, tana riƙe masa kiɗan, ta bar gurbinsa a buɗe kamar yadda ake yi a dandali. Kiɗan ya zagayo, bai shiga ba. Ya sake zagayowa.

"Tsohuwar... agwagwa... ta manta iyo,
sai da jirgi... ya ɗauko ta ta zo."

Kalmomin a murɗe suke, amma kowa ya ji su. Sengdao ta toshe baki ta zube a ƙasa. Ɗakin ya kaure da shewa.

"Au, ashe da sauranka!" in ji Bualai, ta mayar masa. Ya rama. Abin da ya gagare shi a magana yana fitowa a waƙa, kamar ta wata ƙofa daban. Can ya ja numfashi ya rera:

"Kin ce zuwa kika yi ki ga ko na mutu.
Wa ke shafa hoda don zuwa makoki?"

Wilai ta dubi uwarta. Sai a lokacin ta lura da hodar, har da ɗan jan-baki. Mai cokali ya kusa faɗowa daga gado don dariya. Bualai ta buɗe baki, ta rufe, ta ɗaga hannu biyu sama.

"Ka ci, tsoho. Ka kayar da ni." Ta zauna a bakin gadon tana haki, ta buɗe kwando, ta dunƙula shinkafa ƙanana-ƙanana ta tsoma a romon kifi har ta yi laushi. "To ci wannan ma. Ba na karawa da mai jin yunwa, kada a ce na yi maguɗi."

Ya buɗe baki.

Da ƙyar suka riski jirgin yamma. Bualai ta haɗiye maganinta ba gardama, ta jingina da taga, idanu a lumshe. Wilai ta daɗe tana kallonta.

"Inna, da gaske amsa ta ƙare miki?"

"Ni?" Ta buɗe ido ɗaya. "Har uku na tanada. Ta biyun ma, da na sake ta, sai an kira masa likita."

"To me ya hana?"

"Wanda ya sha kaye kwanciya yake yi. Wanda ya ci kuwa sai ya tashi ya tsare kambunsa." Ta sake lumshe ido. "Ranar Asabar zan kai masa ta farkon. Ki nuna mini inda ake yankar tikiti, in je ni kaɗai."

Jirgi ya hau gada. Wilai ta ciro waya ta kira abokiyar aikinta, ta tambaye ta ko za su iya musayar aikin ranar Asabar.