Takardar Halliru a Jar Fata

Ni Dabo baduku ne, kuma daga Illela har Amarawa babu wanda zai ce maka ɗinkina ya taɓa warwarewa. Na faɗi wannan tun farko don a san ba ragon ma'aikaci ne ya yi ɓarnar da zan ba da labarinta ba. Da rago ne ma da abin ya zo da sauƙi.

Halliru taubashina ne, ɗan Gwaggo Tasalla ƙanwar mahaifina. Tun yana ƙarami aka kai shi Ƙonni wurin dangin ubansa, can Faransawa suka ɗauke shi suka sa a makaranta, daga baya suka tura shi Yamai ya yi shekara huɗu yana koyon aikin jinya a hannun likitansu. Da ya gama suka ba shi takarda, suka dawo da shi Ƙonni yana wanke miki yana yin allura, mutanen can suna kiransa lokotoro. Tsakanin Ƙonni da Illela tafiya ce da ba ta sa mutum ƙishirwa, amma tun da Turawa suka raba ƙasa, can ta Faransi nan ta Ingilishi, sai ƴar tafiyar nan ta zama abin neman izini ga duk mai cin albashin Bature.

Shekara biyu bayan farar da ta cinye mana gero, gyambo ya fito wa Gwaggo a ƙwauri. Aka yi na gargajiya har aka gaji. Halliru ya nemi a bar shi ya riƙa zuwa yana duba ta, sai aka ce masa ai ma an canza masa wurin aiki zuwa Bilma, can cikin hamada. Ya ɗaure akwatin maganinsa a bayan jaki ya tsallako, babu sallama.

Cikin wata biyu gyambon da ya kai faɗin tafin hannu ya koma kamar goro. Gwaggo ta fara taka ƙafar har bakin rijiya. Labari ya bazu, mutanen Tozai da na Darna suka riƙa cika mana ƙofar gida tun da sassafe. To, a nan ne Di'o ya zo rangadi ya ji. Bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Cikin sanyin murya ya sa tafinta ya gaya wa Halliru cewa a ƙasar Ingilishi ba mai soka wa mutum allura sai da izininsu, ya kuma sa aka kai akwatin gidan hakimi aka kulle. Ni dai ban taɓa ganin ƙafar da ta tambayi allura daga wace ƙasa ta fito ba, amma ba wanda ya nemi ra'ayin baduku. Sai dai Di'o ya bar ƙofa guda a buɗe. Ya ce En'e na son buɗe ɗakin magani a Illela, ba su da wanda ya iya aikin. In damina ta wuce Halliru ya kai takardarsa ta Faransawa Sakkwato, babban likita ya gwada shi. In ya ci, za a ba shi izini, a mayar masa da akwatinsa, har a ƙara masa magani.

Daga ranar nan duk gidan ya koma gadin takarda guda. Tana cikin wani gwangwani a ɗakin Gwaggo, ɗakin kuwa yana yoyo, gara kuma ta riga ta ci bakin tabarma. Wata rana Halliru ya tafi gona, sai ta aika a kira ni. Halliru ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa.

"Dabo, takardar ɗan'uwanka ce wagga," in ji ta. "Gara ta shigo ɗakin ga, ruwa na zuba. Ɗinke mini ita awa laya, ɗinkin da ko gulbi ya hwaɗa da ita ba ta jiƙewa."

Na karɓa da hannu biyu, har da ɗan jin kai. Na ɗinka layun malamai sun fi a ƙirga, amma ban taɓa riƙe takarda mai kauri da fari irin wannan ba. Na shimfiɗa ta a kan allon aikina. Rubutun ban san kansa ba, ban kuma taɓa shi ba. Abin da idona ya kama shi ne wani kumburi a kusurwar ƙasa, zagayayye, faɗinsa kamar na kobo, babu tawada ko ɗigo a jikinsa. Na shafa na ji gurji-gurji. Na ce a raina gindin gwangwanin ne ya danne ta har ya yi mata tabo. Duk baduku ya san in ka naɗe laya da kumburi a ciki, nan ne za ta fara cinyewa.

Sai na yi abin da mahaifina ya koya mini. Na fesa wa wurin ruwa kaɗan da baki, na sa shi tsakanin fata biyu masu laushi, na ɗauko dutsen guga na bi ta kai a hankali. Bai kwanta ba, na sake. Sau uku na yi, sannan wurin ya yi sumul kamar ba a taɓa yin komai a kansa ba. Na shanya ta a inuwa, na ninka ta takwas, na naɗe da zare, na toshe baki da ƙaro, na ɗinke cikin jar fatar akuya mafi kyau da nake da ita. Wallahi ranar na ji daɗin hannuna.

Da Halliru ya dawo ya ga abin, fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi uwarsa ya ga yadda take murmushi, ya haɗiye. Ya rataya a wuya ya juyo kaina da wasan da muka saba, ya ce in ya tarar na taɓa masa ko harafi ɗaya, da basillata zai yi mini allura. Na rantse masa ban taɓa harafi ba. Gaskiya kuma na faɗa.

Bayan an yanke gero muka kama hanyar Sakkwato, kwana uku a ƙasa. Na bi shi ne don in sayar da ƴan jakunkuna, kuma don kada wani ya sa wuƙa a ɗinkina ya yanki takardar. A hanya yana ta bitar abin da wani akawu ya koya masa, wai Ingilishi ba sa ƙidaya zafin jiki kamar Faransawa, abin da can ake cewa talatin da bakwai, nan casa'in da takwas ne da ɗoriya. Na ce masa ashe mun fi mutanen Ƙonni zafi, shi ya sa ba sa iya mu a ciniki. Ya yi dariya, amma hankalinsa yana gida. Tun da aka kulle akwatin gyambon ya tsaya cik, ya ma fara ɗan faɗaɗa.

Kwana biyar muka yi muna zaman baranda kafin likitan ya gan mu. Dogo ne, mai jan wuya, ba ya son ɓata lokaci. Bai fara da takarda ba. Ya ja Halliru ɗakin marasa lafiya ya nuna masa wani mutum da gatari ya sara a ƙafa. Ni ina leƙe ta taga. Halliru ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya tafasa kayan aiki, ya wanke mikin ya ɗinke ya naɗe. Ni da ɗinki ne sana'ata, na ga hannun da ya fi nawa. Likitan ya yi ta gyaɗa kai, har ya dafa masa kafaɗa.

Aka koma ofis, aka ce a kawo takarda. Na zaro wuƙata na bi bakin ɗinkin, na warware zaren, na miƙa ta a bushe ƙamas, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Likitan yana ɗan jin Faransanci. Ya karanta har ƙasa, ya juya bayanta, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya bi ƙasanta da babban yatsa. Sannan ya yi magana, akawunsa ya juya mana da Hausa.

"Ya ce ina hatimin?"

Halliru ya karɓi takardar. Bai nemi wurin ba, yatsansa kai tsaye ya tafi kusurwar nan. Ya shafa, ya sake shafawa. Sai a lokacin na gane cewa akwai hatimin da ba a yi da tawada, wanda ake matse takarda da ƙarfe har tambarin ya fito. Wato abin da na fesa wa ruwa na bi da dutse sau uku ke nan.

Likitan bai zarge shi da ƙarya ba. Ya ce shi ya ga hannunsa, ya yarda. Amma takardar Kaduna za ta tafi, can kuwa ba hannu suke gani ba, hatimi suke nema, rubutu kowa ma zai iya yi. Ko dai ya samo wata daga Faransawa da hatiminta, ko ya shiga makaranta daga farko ya yi shekara uku, in ya iya Turancin Ingilishi. Bai iya ba.

Muna fita na faɗa masa, ban jira ya tambaya ba. Na faɗi komai, har da sau ukun. Na so ya mare ni, na so ya zage ni a gaban mutane, da na sami sauƙi.

"Kada Inna ta ji," ya ce. "Ita ta ba ka. In ta ji, kanta za ta ɗora ma laihin."

Abin da ya faɗa ke nan har muka kai Gwadabawa.

A gida muka ce mata Ingilishi sabuwar takarda suke so, ta bana. Ta yarda, ta ce dama Turawa ba sa rabo da fitina. Halliru ya ci gaba da wanke gyambon da tafasasshen ruwan gishiri, abin da ya rage masa ke nan. Ya je gidan hakimi ya roƙi a buɗe masa akwatin ko na yini ɗaya, hakimi ya ce yana tausayinsa amma rawaninsa guda ne. Ni na je Ƙonni sau biyu ina neman takardar a madadinsa, akawun can ya ce mai ita ya zo da ƙafarsa, ai sun daɗe suna cigiyarsa. Har na kai ga ce wa Halliru ya zana mini yadda tambarin yake, ni da nake fito da zane a jikin fata, takarda ba za ta gagare ni ba. Ya dube ni ya ce na yi wa takardar nan aikin da ya isa. Wannan ce kaɗai baƙar maganar da ya taɓa gaya mini, kuma na cancanci fiye da ita.

Gyambon ya koma faɗin tafin hannu, ya wuce. Ɗakin ya fara wari, Gwaggo ta daina fita ko tsakar gida. Ran wata Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, Halliru ya sa farar rigarsa ya ce zai je ya tsaya gaban Kumandan, Baturen mulkin can, da kansa. Na ce masa za su kama shi. Ya ce ya sani, amma wataƙila su tsare shi wata guda su ba shi takardar, wata guda kuwa Inna za ta iya jira. Kafin ya fita ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake wankin, daga tsakiya zuwa baki, da yadda ake naɗi kada ya matse.

Ba wata guda ba ne. Bayan kwana huɗu wani mai sayar da gishiri, Maliki, ya kawo saƙo. Kumandan ya ce takarda tana nan, za a buga mata hatimi, amma sai wanda ya gudu ya je Bilma ya yi shekara biyun da aka rubuta masa. An riga an haɗa shi da ayarin raƙuma. Gwaggo ta saurari saƙon har ƙarshe, ta ce Allah ya kai shi lafiya, ta juya fuskarta bango.

Ni na ci gaba da wankin, safe da yamma. Na rufe rumfata, ban ƙara ɗaukar basilla ba. Sau da yawa na shiga ɗakin da niyyar in faɗa mata gaskiya, in na tuna maganarsa sai in yi shiru. Ban san ko don ita nake shirun ba ko don kaina, kuma wannan ma yana cina.

Kwana tara kafin ta rasu, da hantsi, ina durƙushe ina naɗe mata ƙafar, sai ta ɗora hannunta a kaina. Ta rame har zobenta yana zamewa. Ta tambaye ni ko Baturen Sakkwato ya ga ɗinkin nan da na yi. Na ce ya gani.

"Na san ya yaba," in ji ta. "In sabuwar ta zo, ko ba ni nan, kai za ka ɗinke mishi ita, Dabo. Kada ka bari wani ya taɓa ta. Hannunka kaɗai na yarda da shi."

Na ce to, Gwaggo. Na sunkuyar da kai na ci gaba da naɗin, a hankali, kada ya matse.