Tukunyar da Ta Shiga Rajista

A gidan tarihin da ke cikin tsohon barikin soja akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Lamba. Duk abin da masu tono suka zaƙulo daga ƙasa, shi ke goge shi, ya rubuta masa lamba da farar tawada, ya shigar da shi rajista, ya buɗe masa kati. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a wani ɗaki mai kaurin bango, inda da can ake ajiye albarushi. Ya sa wa maɓallan riga lamba, ya sa wa kwanson harsashi, har da haƙorin wani soja da ba a san abin da ya fitar da shi ba. Wannan haƙori ya fi so cikin kayan duka. Yakan ɗauko shi ya zuba masa ido, yana tunanin ko naushi ne ko ƙashi.

Dokarsa ɗaya ce: abin da ya sha farar tawada ba ya fita. Ana kuma yi masa shaidar bai taɓa kuskure ba. Saura wata uku ya yi ritaya, har an yi alkawarin rataye hotonsa a bakin ƙofa saboda wannan shaida.

Wata Talata kular abincinsa ta fashe, sai matarsa ta zuba masa wake a 'yar tukunyar ƙarfen da ta gada wajen mahaifiyarta.

"Ka ga tukunyar nan? Ka dawo min da ita kamar yadda ka tafi da ita," in ji ta.

Ya ci ya ƙoshi, ya tura tukunya gefen tebur, ya fita wanke hannu. A bakin famfo ya tsaya kallon wani ƙadangare mai jela biyu. Kafin ya dawo, masu tono sun shigo da baro cike da kayan da suka haƙo a tsohon madafin sojoji, sun juye a tebur, laka ta rufe komai. Baba ya zauna ya kama aiki, hannu na tafiya, hankali na wajen ƙadangare. Kaya arba'in da uku ya sa wa lamba ran nan.

Da aka tashi ya nemi tukunya ya rasa. Washegari ya same ta a rajista, da rubutun hannunsa mai kyau: "Lamba 4011. Tukunyar ƙarfe, ƙarama, kunne ɗaya ya lotse. Da alama ta sha girki."

Ya miƙe zai ɗauko ta a ɓoye, sai ya tarar Shugaban gidan ya riga shi. Yana tsaye da safar hannu, ya rungume ta kamar jaririya.

"Baba, ka san abin da ka gano kuwa? Dubi kunnen nan, harsashi ne! Ga kuma wake guda biyu a gindi. Abincin ƙarshe na sojoji!"

Baba ya leƙa. Waken nasa ne, wanda cokali bai kamo ba.

Kafin mako ya zagayo tukunya ta shiga akwatin gilashi a babban zaure, da fitila a kanta, waken kuma a 'yar kwalba a gefe. Goge lamba sai kwamiti ya zauna, an rubuta dalili da sunan mai laifi. In aka kai ga haka kuwa, hoto a bakin ƙofa sai dai a mafarki.

A gida ya fara da cewa tukunya tana ofis. Sannan ya ce ana duba ta. Da aka yi wata guda ya sayo sabuwa mai ƙyalli. Matar ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gindin da yatsa.

"Wannan ai gwangwani ce, Malam. Ina ta uwata?"

"Ta samu ɗaukaka."

"Ta samu me?"

Ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce kawai, "Ƙarfe nawa kuke buɗewa ranar Asabar?"

Ranar Asabar ta yanki tikiti kamar kowa, ta shiga cikin baƙi. Shugaba da kansa ke bayani. Ya ce a ranar ƙarshe ta yaƙi wani kuku yana tsaye kan wannan tukunya, harsashi ya zo ya bugi kunnenta, ta ceci ransa. Wata baƙuwa har ta share hawaye. Baba yana laɓe a bayan wata tsohuwar igwa.

Matar Baba ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, harsashin nan namiji aka nufa da shi?"

"Babu shakka, Mama."

"Ya kuwa cancanta," in ji ta, tana kallon igwa.

Baba ya san harsashin. Ita ta jefe shi da tukunyar ranar da ta kama shi yana rubuta wa ɗansu na fari lamba a tafin ƙafa. Ya goce, bango ya karɓa.

Sai ta matsa kusa da gilashin. Jan tsatsa ya fara cin bakin tukunyar. Ta ɗora tafinta a kan gilashi, a hankali, yadda take taɓa goshin jikokinta in suna zazzaɓi. Shekara arba'in suna tare, Baba bai taɓa ganin fuskarta haka ba. Ya fito daga bayan igwa.

"Ranka ya daɗe, kuskure na yi. Tukunyar matata ce. Waken ma ni na rage."

Shugaba ya dube shi, ya dubi baƙi, ya dubi tarin kalandar da aka buga da hoton tukunyar a bango. Sai ya fashe da dariya.

"Kun ji Baba da barkwanci! Mutumin da bai taɓa kuskure ba shekara talatin da ɗaya, yau zai fara?"

"Wallahi na yi."

"Ba ka yi ba."

"Ni fa na ci waken!"

"Baba, gajiya ce. Rajista ta ce a madafi aka samo ta, kuma rubutunka ne. Wa zan yarda da shi, kai ko rubutunka?"

Baba shi kansa da rubutun zai yarda.

Matar ta gyara mayafi. "To, ta sojoji ce. Amma ka ga jan nan? Nan da wata uku za ka leƙa ta gindinta ka hango ƙasa. Tukunyar ƙarfe in ba ta ganin mai da wuta, mutuwa take."

Dariyar Shugaba ta ɗauke. Ya sunkuya ya ga tsatsa. "Akwai magani?"

"Akwai, amma ba a cikin gilashi ba. Kuma yana ɗaukar lokaci."

Nan Baba ya tuna da farar takardar da ke can ƙasan aljihun teburinsa, wadda bai taɓa cikewa ba: takardar fitar da kaya don gyara. Ita kaɗai ce ƙofar da doka ta bari. Ya ɗauko ta ya rubuta: "Lamba 4011. An miƙa wa ƙwararriya. Magani: mai da wuta, kullum." Wajen ranar dawowa tawada ta ƙi fita, bai kuma matsa mata ba. Shugaba ya sa hannu, har da godiya, ya ba matar safar hannu ta ɗauka da ita. Ta karɓa, ta ce za su yi amfani wajen sauke girki.

Da ranar ritaya ta zo aka rataye hoton Baba a bakin ƙofa. Waken nan biyu suna cikin gilashi har yanzu, ya ba kowanne lambarsa kafin ya tafi. A gida kuwa, duk sanda aka ɗora tukunya sai ya zagayo ya leƙa gindinta, ya ga ko wuta ta cinye farar tawada. In ta dushe, yakan jira matar ta fita, ya sabunta.