Kabarin Maharazu a Bakin Teku

Furera ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin Korgom ba, amma teku ya ci mata miji. Maharazu ya tafi wani ɗan tsibiri tun tashar jiragen ruwansu tana gadar katako, yana dakon buhunan koko a ƙeya. Can zazzaɓi ya ɗauke shi, aka binne shi a maƙabartar baƙi da ke bayan tashar. Ƙanensa Ishaƙu, shi ma ɗan dako, ya dasa zogalen da Furera ta aika masa irinsa a wajen kan mamacin. Ita ke nan alamar.

Bana sai Ishaƙu ya aiko da saƙo. An ba wani kamfani tashar, za a faɗaɗa ta. Masu gata sun kwashe nasu matattun, baƙo kuwa wa zai tsaya masa?

"Yaya Furera, ki je inda rezon waya ke da ƙarfi in nuna miki kabarin ta bidiyo, tun ba a shafe wurin ba."

Ta so tafiya, amma shuka ta faɗi, kuma gona ba ta jiran mai kuka. Sai da ta gama noman farko ta hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Tasawa, ta zauna a shagon mai cajin waya.

Fuskar Ishaƙu ta fito, duk furfura.

"Kai, ɗan nema, haka ka tsufa ba ka gaya mini ba?"

Bai yi dariya ba. Ya juya wayar. Siminti ne shimfiɗe har bakin ruwa, da kwantenoni jere kamar ɗakunan haya.

"Ina zogalen?"

"Sun tuge shi, Yaya."

"To yayanka fa, yana ina?"

Ishaƙu ya yi gaba, ya dawo, ya duba hagu da dama. Wallahi bai sani ba. Tausayi ne ya sa ya nuna wata jar kwantena.

"Nan ƙarƙashi."

Furera ta gyara lulluɓi, ta ɗaga hannuwa tana yi wa mijinta addu'a, hawaye na zuba. Ba ta kai ga shafawa ba wani ƙaton inji ya sauko da ƙugiya, ya ɗauke jar kwantenar ya yi wajen jirgi da ita. Wurin ya zama daidai da ko'ina.

"Ishaƙu," ta ce a hankali, "kar ka gusa daga nan sai na gama."