Ƙwayoyin da Farfesa Ya Ciyar

Ruxandra ta leƙa madubin ƙara girma, ta goge tabarau ta sake leƙawa. Ƙwayoyin halittar kansar nonon da ta shafe fiye da shekara tana reno a ɗakin bincikensu na birnin Cluj duk sun saki gindin kwalba, suna yawo a ruwa, matattu. Ruwan kuwa ja ne. Ita fari ta bari.

"Wa ya taɓa min kwalabe?"

Farfesa Tiberiu, shugaban ɗakin, ya fito daga ofis da kofin gahawa, fuska fal fara'a. Mutumin da rabonsa da sa safar hannu tun Ruxandra na firamare, shi ne ya rantse zai kula mata da su ranar da ta tafi garin Turda raka mahaifiyarta asibiti.

"Ni ne, 'yata. Na same su a rame, kin bar su cikin tsinkakken ruwa kamar na wanke-wanke. Na ce wannan ai zalunci ne. Na zuba musu ja mai kyau, irin na zamaninmu."

"Ranka ya daɗe, yunwar ita ce aikin!"

Ita ce kuwa. Irin wannan kansar da sinadarin jikin mace take rayuwa, shi ke aika wa ƙwaya saƙon ta hayayyafa. Magani sai ya toshe hanyar saƙon. A yi murna shekara biyu, uku, sannan ƙwayar, 'yar banza, ta haƙa wata hanyar ta bayan gida ta ci gaba da karɓar saƙo abinta. Haka ta yi a jikin mahaifiyar Ruxandra, kuma a wannan tafiyar likita ya daina maganar shekaru, ya koma maganar watanni. Don haka Ruxandra ta hana nata ƙwayoyin sinadarin tun bara, yawancinsu suka mutu, masu taurin kan suka saura. Saura ƙiris ta gano hanyar da suka buɗe, ko a dace akwai maganin toshe ta. Ruwan Farfesa cike yake da sinadarin, kuma ƙwayar da ta saba da rashi in ta same shi farat ɗaya, mutuwa take yi.

"Ba ki daskarar da wasu ba?"

"Na farkon tafiya ne, tun ba su koyi komai ba."

Farfesa ya leƙa madubin, ya ɗago yana shafa gemu.

"To amma tsaya. Kansa ce, ta mutu. Ba shi muke nema ba? Ni a mako guda na yi abin da ya gagare ki shekara."

Wallahi da ba furfura ce a kansa ba, da kofin nan ya sha bango. Don takaici ta rasa ma zagin da ya dace da shugaba. Ta ce, "Allah Ya saka da alheri," ta fice baranda.

Nan wayarta ta yi ƙara. Mama ce, muryar nan da ta fara dushewa.

"Kin isa lafiya? Yaya 'yan renon naki, sun faɗa miki ta inda suke bi?"

"Sun kusa, Mama."

"Yauwa. Na san ki da mantuwa, ke ko kanki ba kya ciyarwa. Ki ba su abinci sosai, kin ji? Kada ki bar su da yunwa."

"To, Mama."

Ta koma ciki, ta buɗe firiza, ta ciro ƙwayoyin bara waɗanda ba su san komai ba tukuna. Ta ɗauko farin ruwan. Shekara guda suke buƙata, su kam ba sa sauri don kowa.